Zugazugin Baba Ɗanliti

Badaru ya zura siririyar waya mai ƙullin tsumma a baki cikin ramin notin, ya murɗa ta, ya zaro. Tsumman ya fito baƙi ƙirin, yana ɗigar da ruwa mai tsatsa. Ya ɗaga shi saitin hancin Basiru direba, ya bar shi ya ƙare masa kallo.

"Na gani," in ji Basiru. "Wallahi na gani, Oga Badaru. Amma ai rami ne kawai. Noti zai shiga ya toshe shi. Wa zai leƙa?"

"Ni," in ji Badaru, ya kwance tsumman ya ɗaura wani.

Jiya da yamma akori-kurar Basiru ta tafasa a hanyar fadama, ta ƙona gasket, shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, ruwan lagireto da baƙin mai suka gauraya. Sai turo ta aka yi har gindin ɗorawar da Badaru ke kira gareji. Tun da sassafe Badaru ya sauke kan injin, wanda makanikai ke ce wa tof, ya kankare fuskar bulok ɗin, wato gangar jikin injin, ya goge ta har tana ɗaukar ido. Sabon gasket yana cikin kwalinsa a kan kujerar direba. Abin da ya rage a mayar da tof, a ɗaure dogayen notunan da ke riƙe shi, a tayar da mota. To amma ramukan da notunan za su shiga, waɗanda zurfinsu ya fi tsawon yatsa, sun sha ruwa da mai da tsatsa, kuma Badaru ya ce ko noti ɗaya ba zai ɗaura ba sai sun bushe ƙayau.

A can gefe, ƙarƙashin inuwar darbejiya, kwandunan tumatir ne jere, an lulluɓe su da jiƙaƙƙiyar ciyawa. Masu su na zaune a kusa, sun yi tagumi. Gobe kasuwar Ɗambatta take ci, zafin bazara kuwa ba ya yi wa tumatir uzuri. A da motoci har rige-rige suke yi su shigo garin. Tun da fetur ya fi ƙarfin talaka, wannan tsohuwar akori-kurar ce kaɗai ta rage da ke yarda ta bi burjinsu mai ramuka. Mika'ilu, wanda rabin kwandunan nasa ne, ya taso ya tsaya a kan Badaru.

"Malam Badaru, ba mu san aikinku ba, amma rana tana yi."

Badaru ya miƙe tsaye, ya goge hannu a ƙirjin rigar aikinsa. Mutum ne da ke son a tambaye shi, domin yana son ya yi bayani, kuma ya san ya iya. Ya ɗauki noti guda ya nuna.

"Ka ga wannan? In ya shiga ramin nan ya tarar da ruwa a ƙasa, ruwan ba shi da hanyar fita, kuma ruwa ba ya matsuwa. Ina ɗaurewa, yana tokarewa. Ko dai notin ya yaudare ni, in ji ya yi tauri alhali bai kama tof ba, gasket ya sake ƙonewa kafin ku kai kwalta, ko kuma bulok ɗin ya tsage daga ciki. Na ga an yi haka a garejin da na koyi aiki a Rijiyar Zaki. Ƙara ɗaya aka ji, tas, mai motar ya zauna a ƙasa. In wannan ya tsage, Mika'ilu, a wannan zamanin Basiru ba shi da inda zai samo wani. Sai dai kaji su samu wurin kwana."

Basiru ya yi saurin cewa, "Allah ya kiyaye," ya shafa gefen motar.

Matsalar ita ce tsumma ba ya kwashe abin da ke can ƙasan rami. Sai da iska. A da Badaru aikawa yake a jawo masa tiyo daga wurin mai faci, amma mai facin ya sayar da injinsa ya tafi ci-rani kudu, wutar lantarki kuwa yara sun fara manta kamanninta. An kawo famfon keke, robarsa ta mutu, iska ta baya take fita. Badaru ya sa bututu a baki ya hura har jijiyoyin wuyansa suka tashi, abin da ya samu sai ɗigon baƙin mai a gira da jiri a kai. Ya zauna a kan taya yana mayar da numfashi.

Ya san inda iska take a garin nan. Tun kafin ya ɗauki famfon keken ya sani, yana dai kewaye-kewaye ne. Tana rataye a bangon maƙerar mahaifinsa.

Badaru ɗan gidan maƙera ne gaba da baya. Ya tashi yana zuga wa mahaifinsa, Baba Ɗanliti, zaune dirshan a ƙasa, fatar akuya ɗaya a kowane hannu, hayaƙi na shiga masa ido. A gidansu ɗan zuga ba ya magana a bakin wuta sai kalma ɗaya, in ya ga ƙarfe ya yi ja ya tambaya, "A ƙara, maƙeri?" Ko ubanka ne ke riƙe da awartakin kama ƙarfe ba ka ce masa Baba a wurin, maƙeri za ka ce. Kuma duk wanda aka miƙa wa awartaki ya zama maƙeri, ya bar zuga ke nan har abada, komawa kanta faɗuwar girma ce. Badaru bai jira an miƙa masa ba. Yana saurayi ya ajiye fatun wata rana, ya hau mota zuwa Kano, ya dawo bayan shekaru da akwatin sifanu da sunan bakanike.

Ba faɗa suke yi ba. Kullum da safe yana zuwa ya durƙusa ya gaida uban, in ya samu ya auno hatsi ya kai gidan. Amma tun da ya kafa garejin nan Baba Ɗanliti bai taɓa taka gindin ɗorawar ba. Hanyar masallacin Juma'a ta nan ta bi, tsohon sai ya zaga ta bayan gonar rogo. In aka yaba masa aikin ɗansa sai ya ce, "Wane? Mai cire-saka? Ai ba ya ƙera komai. Wani ya ƙera a wata ƙasa, shi ya cire tsoho ya saka sabo." Direbobi daga nesa suna kawo wa Badaru mota, suna ce masa Oga, amma wannan suna na cire-saka ya fi duk yabonsu nauyi a ransa. Yana ci masa rai ƙwarai, kuma girman kai bai taɓa barin shi ya faɗa wa kowa ba.

Ya dubi kwandunan tumatir, ya dubi rana. Ya tashi ya karkaɗe wando.

"Kada wanda ya taɓa mini injin nan," ya ce wa Basiru. "Ko ƙuda ya sauka, kore shi."

Ya tarar da maƙerar shiru. Murhun ya yi sanyi tun bayan girbi, domin gawayi ya yi tsada, masu sayen sabuwar fartanya kuma sun koma ɗaure tsohuwa da waya. Baba Ɗanliti yana zaune a kan buzu, yana wasa wani tsohon lauje a kan dutse, ba don wani ya ba shi aikin ba, sai don hannunsa bai saba zama haka ba. Badaru ya cire takalmi ya durƙusa.

"Barka da hantsi, Baba."

"Barka kadai. Ai mun gaisa da safe. Ko mantawa ka yi?"

"Ban manta ba. Aro na zo."

Tsohon bai ɗago ba. "Ba ni da sifana."

"Zugazugi nake so."

Nan laujen ya tsaya. Baba Ɗanliti ya ɗago ya dube shi, ya juya ya dubi fatun da ke rataye a bango, sun yi baƙi sun yi santsi saboda shekaru da man hannu. Ya sake duban ɗansa, gefen bakinsa yana motsi.

"Wannan zugazugin? Wanda ka jefar a nan ka ce hayaƙinsa zai makantar da kai? Me mai cire-saka zai yi da shi? Wuta za ka hura wa motar ta tashi?"

Badaru ya haɗiye abin da ya taso masa. Ya yi bayanin ramukan, da ruwan da ke ciki, da abin da zai faru in aka ɗaure a haka. Ya yi shi a taƙaice, ba irin yadda ya yi wa Mika'ilu ba, domin a gaban tsohon nan bakinsa nauyi yake yi. Daga bayan katanga mahaifiyarsa, Inna Barira, wadda ta ji komai tana tankaɗe, ta ɗaga murya.

"Malam, ka ba shi mana. Tumatirin mutane ne zai ruɓe. Ku biyun nan kai ɗaya aka raba muku, kowa ya ɗauki rabi mai taurin."

"Wa ya sa da ke?" in ji tsohon, amma ya riga ya dafa gwiwa yana miƙewa. Ya sauke fatun da kansa. Badaru ya miƙa hannu zai karɓa, tsohon ya janye su ya saɓa a kafaɗa. "Zugazugin gidan nan ba ya fita shi kaɗai. Tun kakana haka yake. Inda ya je mai shi yana biye. Ba aikinka zan je kallo ba, kayana zan tsare."

Haka suka ratso gari, tsoho a gaba da fatun akuya a kafaɗa, bakanike a baya yana bin sa da hannu biyu ba komai. Masu zama a ƙofar gida suka riƙa bin su da ido. Da suka iso mararrabar gonar rogo, ƙafar Baba Ɗanliti ta karkata ta inda ta saba, sai ya tuna, ya gyara, ya miƙe zuwa ɗorawa.

Manoma suka miƙe suna gaishe shi. Ya amsa, ya ajiye fatun a kan tabarma, ya nemi kututture nesa kaɗan ya zauna, ya ba motar rabin baya, ya fito da carbi.

Badaru ya haɗa bakin zugazugin da guntun tiyo, ya naɗe mahaɗar da robar tsohon tub, a ɗaya ƙarshen ya cusa siririn bututun jan ƙarfe irin na fetur, wanda zai kai har ƙasan rami. Shi zai riƙe bututun, yana juya shi yana tare abin da ya fito da tsumma, don kada ya faɗa kan fistin. Saboda haka dole wani ya zuga. Basiru ya naɗe hannun riga ya zauna.

"Wannan ai ba komai ba ne. Sama da ƙasa ne kawai."

Sai dai zuga ba sama da ƙasa ba ce kawai. In ka ɗaga fata sai ka buɗe yatsu ta sha iska, in za ka danna ka damƙe bakin, kuma hannu ɗaya na sauka ɗaya na tashi don kada iskar ta yanke. Basiru ya ɗaga duka biyu tare, ya danna baki a buɗe, fatun suka yi wani irin kuka mara daɗin faɗi a gaban manya. Manoma suka tuntsire da dariya. Ya sake, wannan karon ya damƙe tun kafin ya ɗaga, sai fatar ta zuƙo baƙin mai ta cikin tiyo. Mika'ilu ya ture shi ya gwada, bai fi shi ba. Kafaɗun Baba Ɗanliti suka motsa a kan kututture kamar an taka masa ƙafa, amma bai waiwayo ba.

Badaru ya iya zugar, har yanzu tana hannunsa, amma ba shi da hannu huɗu, kuma ya faɗa a fili cewa ba zai ba kowa bututun ba. Ya ce su dakata. Akwai wani aikin da za a fara yi kafin nan.

Ya gwada noti a ramin da ke kusa da inda gasket ya ƙone, ya murɗa da yatsu. Ya shiga kaɗan ya cije. Tsatsa ta cika tiredin, wato murɗaɗɗen layin da noti ke bi yana shiga. Ya buɗe akwatinsa, daga cikin wani ƙyalle ya warware wani tsohon noti. An tsaga masa kwari a tsaye daga baki zuwa tsakiya, ta ɓangarori uku, tsagar ta fita sumul. Ya ɗiga masa kananzir, ya sa a ramin, ya murɗa gaba kaɗan, ya dawo baya, ya sake gaba. Bai sa sifana ba, da yatsu yake yi, kansa a karkace yana saurare. Da ya zaro, kwarin sun cika taf da jar tsatsa. Ya goge ya sake zurawa.

"Ba ni in gani."

Bai san lokacin da tsohon ya taso ba. Yana tsaye a bayansa, carbin ya koma aljihu. Badaru ya goge notin ya miƙa masa da hannu biyu. Baba Ɗanliti ya kai shi kusa da ido, ya juya shi a rana, ya bi tsagar da farcen babban yatsa.

"A ina ake sayar da wannan?"

"Ba a sayarwa. Akwai na kanti, amma shi yankan ƙarfe yake yi, yana cinye tiredi. Wannan dattin kawai yake kwasowa."

"To wa ya yi maka?"

"Ni na yi."

"Da me?"

"Da magagari."

Tsohon ya sake bin tsagar da farce. "Ƙarfen nan yana da tauri. Magagari ba zai ci shi haka ba."

"Sai da na sa bakin a wuta ya yi laushi, na bar shi ya huce a toka. Da na gama tsagawa na mayar da shi wuta na ba shi ruwa."

"Wane launi ka tsoma shi?"

"Ja, kafin ya kai ga haske. Na goge, na ɗan gasa shi har ya yi kalar kara."

Baba Ɗanliti bai ce da kyau ba, bai ce ba kyau ba. Ya riƙe notin ya ɗan jima kafin ya mayar. Sannan ya sunkuya ya leƙa ramin, duk da ba abin da ido zai gani a ciki sai duhu.

"In ka rufe, mai motar zai san ka wanke nan?"

"Ba zai sani ba."

"Kowane rami haka za ka bi shi?"

"Kowanne."

Aka kira azahar. Suka yi salla a nan gindin bishiya, Basiru yana sallamewa ya waiga wajen tumatir. An ƙara yayyafa wa ciyawar ruwa, amma ƙamshin da ke tashi daga kwandunan ya fara canzawa. Badaru ya gama bin ramukan da notinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga fetur kaɗan a kowanne don ya narkar da mai. Yanzu saura iska. Ya tsaya da bututu a hannu yana duban mutanen, yana neman wanda zai koya wa zuga a tsaitsaye. Basiru ya yi ajiyar zuciya ya nufi tabarma.

"Kai, tashi daga nan," in ji Baba Ɗanliti. "Za ka yaga mini fata."

Ya tattare babbar rigarsa ya cusa a tsakanin cinyoyi, ya dafa ƙasa, ya zauna dirshan a gaban zugazugin. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya zura yatsu a madaukai, ya gyara zama.

Ba wanda ke nan da bai san gidan maƙera ba. Mika'ilu, da gemunsa ya fara furfura, bai taɓa ganin Ɗanliti a wannan mazaunin ba, domin tun kafin a haife shi aka miƙa wa mutumin awartaki. Badaru ya yi saurin matsowa.

"Baba, a'a. Bari in zauna, in nuna wa Basiru yadda zai riƙe bututun."

"Ka ce ba ka ba kowa. Ko ƙarya ka yi? Riƙe abinka, rana tana tafiya."

Hannun dama ya sauka, na hagu ya tashi. Fuf, fuf, fuf, iskar ta zo a jere ba yankewa, irin sautin da Badaru ya tashi a cikinsa tun bai san sunansa ba. Ya zura bututun har ƙasa. Ramin ya yi gurgur, sai baƙin ruwa ya yi tsartuwa ya faɗa cikin tsumman da ya tara, da ɓarɓashin tsatsa da yashi. Manoma suka ce, "Kai!" gaba ɗaya, suka matso. Basiru ya riƙe baki, yana kallon abin da ya so a rufe a ciki. Badaru ya yi ta juya bututun har kukan ya canza, gurgur ɗin ya tafi, ya koma siririn fito mai tsabta. Ya zura farin tsumma, ya fito fari. Ya gwada noti da yatsu biyu, ya tafi sulul har ƙasa.

"Na gaba," in ji Badaru.

Suka bi ramukan a jere. Gumi ya jiƙa wuyan rigar tsohon, amma hannayen ba su rikice ba ko sau ɗaya. Basiru, da hankalinsa ya fara kwanciya, bakinsa ya dawo.

"Baba, yau dai kai ne da kanka kake zuga Oga Badaru a gaban jama'a."

"Iska nake zugawa, ba mutum ba," in ji tsohon. "Wannan ko ba a zuga shi ba kansa ya isa girma."

Aka yi dariya, har da Badaru, wanda ya sunkuyar da kai cikin injin fiye da yadda aikin ke buƙata.

Suka zo rami na ƙarshe, can baya kusa da jikin mota. Bai yi datti kamar sauran ba. Ruwan ya fito, tsatsar ta biyo, nan da nan kukan ya koma fito. Badaru ya ji, ya san ya bushe. Yana shirin zare bututun sai zugar ta lafa, ba ta tsaya ba, ta dai yi ƙasa, yadda ɗan zuga ke yi in ya ga ƙarfe ya yi ja. Daga ƙasa, a bayansa, muryar tsohon ta zo, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"A ƙara, maƙeri?"

Badaru ya tsaya cak da bututu a hannu. Daɗi ya lulluɓe shi, irin wanda bai taɓa ji ba, har ya fi ƙarfin ƙirjinsa, ya rasa inda zai sa shi. Shekarun da ya yi yana jiran kalmar nan ba sa ƙirguwa, ga ta ta zo yana sunkuye, da baƙin mai a gira. Bai iya juyowa ba. Ya mayar da bututun har ƙasan ramin da ya riga ya bushe.

"A ƙara," ya ce.

Fuf, fuf, fuf. Iskar ta ci gaba da fito a cikin rami mai tsabta, Badaru yana juya bututu yana tare ba komai da tsumma, idonsa na yi masa yaji. Sai da ya tabbata fuskarsa ta daidaita sannan ya ɗaga hannu, zugar ta tsaya.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Ya shimfiɗa gasket, shi da Basiru suka ɗora tof a hankali. Ya shafa wa kowane noti mai kaɗan, ya fara ɗaurewa daga tsakiya yana fita waje, wannan gefe sannan wancan, ya zagayo ya ƙara, ya sake zagayowa. Kowanne ya tafi lafiya ya kama inda ya kamata. Aka zuba sabon mai da ruwa. Ana gab da la'asar Basiru ya ce bismilla ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau biyu, ta kama, ta zauna daram tana kaɗawa. Badaru ya buɗe lagireto ya leƙa, ruwan yana kwance ba kumfa. Ya rufe bonet da tafin hannu, ya ja baya yana goge yatsu, ya bar mutane su yi ta faɗin abin da suke faɗi. Bai yi musu kawaici ba, ya ji daɗin kowace kalma.

Kafin ka ce me, an fara lodin kwanduna. Basiru ya zo ya durƙusa gaban Baba Ɗanliti, wanda ya koma kan kututture yana murza kafaɗa.

"Allah ya ƙara girma, Baba. Wancan ramin na ƙarshe da alama shi ya fi kowanne datti. Kun daɗe a kansa."

"Wanne? Na bayan nan?" Tsohon ya yi tsaki. "Ai tun kafin in tambaya ya bushe. Na ji a hannuna, na ji a kunnena."

Badaru, da ke kwance tiyo daga bakin zugazugin, ya tsaya. Kunya ta rufe shi har kunne.

"To me ya sa ka ci gaba da wahala, Baba?" in ji Basiru.

Baba Ɗanliti ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa. Ya karɓi fatun daga hannun ɗansa, ya duba su ciki da waje. Bai saɓa su a kafaɗa ba, sai ya ɗaga ya rataye su a ƙusar da ke jikin ɗorawar, kusa da akwatin sifanu, ya ja ya ji sun zauna.

"Maƙeri ya ce a ƙara," ya ce, ya sa takalmi ya nufi masallaci ta hanyar da ta miƙe.